Dusasar da manyan tsirkiyoyin jita a kiɗan yatsu: ina hannun dama zai zauna?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu kaɗa jita da yatsu ce. Ina koyon salon nan na Amurka da ake jingina wa Merle Travis, wanda babban yatsa ke kai-komo tsakanin tsirkiya ta 6 da ta 5 da ta 4, wato manya masu kaurin murya da ake kira bes, sauran yatsu kuma na fitar da kari a kan sirara, ta 3 da ta 2 da ta 1. A hannun gwanaye bes ɗin gajere yake fita, dum-dum, kowane bugu daban. A nawa hannun kuwa sai su cakuɗe, wannan bai mutu ba wancan ya shigo, kari ya nutse a ciki.

Idan na kwantar da tafin hannu a kansu, abu uku ke faruwa. Tsirkiya ta 3 ita ma ta shaƙe, yatsuna su kwanta su rasa ta inda za su ja, kuma kafin minti 15 wuyan hannu ya fara ciwo. Jitar babba ce, irin mai faɗin ƙugu, tsirkiyar ƙarfe mai lamba .012 (kaurin mafi siranta ke nan, a inci), kuma da tsurar babban yatsa nake bugawa. Ina ne daidai wurin da hannu zai sauka?

Malam_Tsirkiya:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Mu fara raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai dusasarwa, akwai kashewa. Dusasarwa ita ce tsirkiya ta yi magana amma a taƙaice, kana jin cewa muryar E ce ko ta A (da haruffa ake kiran muryoyin kiɗa), sai dai ba ta ja. Kashewa kuwa ita ce a rufe mata baki gaba ɗaya bayan ta gama aikinta. Abin da kake ji a wajen Travis da Chet Atkins, wani gwanin wannan salo, dusasarwa ce, kuma da gindin tafin hannun dama ake yin ta.

Dubi jakin jitarka, wato katakon da aka manna a fuskarta inda tsirkiyoyi ke ƙarewa. A kansa akwai wani farin ƙashi siriri, ko roba, wanda suke hawa. A kan wannan ƙashin naman hannunka zai zauna, wani a bayansa wani a gabansa. Abin da zai taɓa tsirkiya a gaban ƙashin bai kamata ya wuce milimita 5 zuwa 10 ba. Yawancin masu koyo suna sauka santimita 3 ko 4 gaba, wajen ramin jita, nan kuwa ba dusasarwa ake yi ba, kisa ne.

Ga yadda za ka nemo wurin da kunnenka. Ɗora gefen hannu a bayan ƙashin, kan 'yan turakun da ke riƙe tsirkiyoyi, inda bai taɓa komai ba. Yi ta kaɗa ta 6 a sake, bugu ɗaya kowace daƙiƙa. Kana yi kana mirgino hannun gaba kaɗan-kaɗan. Za ka ji ta bi hawa uku: da fari tana ja yadda ta saba, sannan ta koma "dum" mai nauyi wanda har yanzu muryar E na cikinsa, sannan ta zama "tak" kamar an ƙwanƙwasa kwali. Na biyun kake nema. Faɗinsa ɗan ƙanƙane ne, shi ya sa ake saurin wuce shi.

Na'urar saita murya za ta taimake ka a nan. Maƙala ta, ka buga ta 6 a dusashe. Idan ta kasa gane muryar, ka yi gaba da yawa. Idan ta gane amma allurar ta haura sama da E, dannawa kake yi, domin danna tsirkiya yana ƙara mata tauri ya kuma rage tsawon da ke kaɗawa. Nauyin hannu kaɗai ya isa, har ma ya yi yawa. Taɓawa ce, irin yadda mutum ke gwada zafin tukunya.

Batun ta 3 da ke shaƙewa: kana amfani da dukkan gefen hannu ne, daga wuyan hannu har gindin ƙaramin yatsa. Ba a bukatar haka. A kan jaki, tsakanin tsirkiya da 'yar'uwarta kusan milimita 11 ne, ke nan daga ta 6 zuwa ta 4 duka bai wuce milimita 22 ba. Tudun naman da ke dab da wuyan hannu, ƙasan layin ƙaramin yatsa, shi kaɗai ya rufe wannan. Sauran gefen hannun ya tashi sama ya bar sirara su sha iska. Juya dantse kaɗan ta yadda nauyi zai karkata wajen babban yatsa, za ka ga ɓangaren ƙaramin yatsa ya ɗaga da kansa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, ukun nan ba dusasarwa ɗaya suke so ba. Ta 6 mai kauri ce, tana jure nama da yawa. Ta 4 ta fi siranta, da zarar ka rufe ta daidai da ta 6 ta mutu. Don haka hannun ya ɗan karkace: a kan ta 6 ya shigo gaba, a kan ta 4 ya tsaya kusan a kan ƙashin. Ka lura ma ƙashin kansa ba a miƙe aka dasa shi ba, ɓangaren bes ya fi ja baya.

Atisaye kuwa, ajiye sauran yatsu tukuna. Sa metronom, na'urar ƙirga bugu, a bugu 60 a minti. Kama kod ɗin E (kod shi ne haɗin muryoyi da hannun hagu ke dannawa tare), babban yatsa ya bi 6, 4, 5, 4. A kod ɗin A ya bi 5, 4, 6, 4. A kod ɗin C ma 5, 4, 6, 4 ne, sai dai yatsan zobe na hagu zai riƙa tsallakawa daga firet na 3 na ta 5 zuwa firet na 3 na ta 6 (firet su ne siraran ƙarafan da aka gitta a wuyan jita). Minti 5 a kowanne. Sai duk bugu huɗun sun fito da tsawo ɗaya da ƙarfi ɗaya za ka ƙara yatsa guda, shi ma a kan bugun farko kawai, tare da babban yatsa. Masu faɗowa tsakanin bugu su zo daga baya, domin a nan ne hannu ke ɗagawa ba ka sani ba.

Ɗan_Farce:

Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, amma akwai inda zan ƙara, kuma a ganina shi ne tushen matsalarka: tsurar babban yatsa.

Dubi hannunka idan gindinsa ya sauka a kan jaki. Babban yatsa yana kwanciya kusan a layi ɗaya da tsirkiya. A haka ba shi da abin da zai kamo ta da shi sai gefen namansa, sauti ya fito a raunane, ga shi kuma ka riga ka dusasar da shi. Sai mutum ya fara lanƙwasa wuyan hannu domin yatsan ya samu shiga, ciwon da kake ji ke nan. Farcen roba da ake zura wa babban yatsa an yi shi ne saboda wannan. Harshensa na fitowa ta gefe, ya tsaya a kan tsirkiya ba tare da ka juya komai ba. Travis, mutumin yankin Muhlenberg na jihar Kentaki, da wannan farcen da manuniya kaɗai yake yawancin kiɗansa. Atkins ya ƙara yatsu amma bai ajiye farcen ba. Tommy Emmanuel na Ostireliya ma yana yawan sa shi a irin wannan kiɗa. Ana iya yi babu shi, akwai masu yi, amma hanya ce mai tsawo.

Wajen saye, kamfanonin Dunlop da National da Herco da Fred Kelly duk suna yi. Nemi wanda ya kama sosai har ka ji ya ɗan matse, domin idan yatsa ya yi gumi sako-sako zai juya. Zobensa ya zauna tsakanin gindin farcenka da gaɓar farko. Idan ya matse fiye da kima ko ya yi yawa, tsoma shi a ruwan zafi kamar daƙiƙa 20, ka buɗa shi ko ka matse shi da yatsu, sannan ka jefa a ruwan sanyi ya riƙe siffar. Kada a kai shi kusa da wuta ko ashana. Da yawa daga cikinsu da wata roba mai suna seluloid aka yi, nan take yake kamawa.

Kusan dukkansu harshen ya yi tsawo yadda suke fitowa daga shago. Dogon harshe na nutsewa tsakanin tsirkiyoyi ya maƙale, ko ya riƙa ƙwanƙwasar fuskar jita. Goge shi da abin goge farce har abin da ya leƙo ƙasan yatsa ya zama milimita 4 zuwa 6, ka zagaye bakin, sannan ka sulɓe shi da takardar yashi mai laushi ƙwarai. Rage kaɗan ka gwada, abin da aka goge ba ya dawowa.

Motsin yatsan ya fito daga gindinsa, can kusa da wuyan hannu, ba daga gaɓar kai ba. Idan gaɓar kai ce ke lanƙwashewa, farcen zai riƙa ƙwaƙulo tsirkiya sama ta dawo ta mari firet. Kuma babban yatsa ya kasance gaba da sauran, wajen wuyan jita, da kamar santimita 2 ko 3, ta yadda idan ka leƙa daga sama shi da manuniya sun gitta juna. In ba haka ba za su riƙa karo a cikin tafin hannu.

Sauran yatsun da ka ce sun kwanta: a wannan zama ba za su sami tsirkiya a tsaye ba, a karkace za su same ta, kuma ba laifi ba ne. Lanƙwasa su kamar ka riƙe ƙaramin lemo, su ja zuwa cikin tafin hannu. Farcensu ya leƙo milimita 1 ko 2 bayan nama, a goge shi da ɗan gangare ta ɓangaren da ke fara taɓa tsirkiya.

Ƙaramin yatsa fa? Wasu na kafa shi a fuskar jita. Idan gindin hannu ya riga ya sauka, turke biyu ke nan, hannu ya ɗaure. Bar shi ya taɓa katako in yana so, amma kada ya ɗauki nauyi.

Sabon_Hannu:

Na gode Malam, na gode Yaya. Na gano wurin "dum" ɗin, ta 3 ma ta saki. Saura biyu. Idan na ɗaga hannu domin wani sashe da nake so bes ya ja, misali daga kod ɗin E zuwa A ko zuwa D, ta 6 na ci gaba da gunji a ƙarƙashi. Har ma idan na kaɗa ta 1 ita kaɗai ina jin wani amo daga manyan, alhali ban taɓa su ba. Ciwon wuyan hannun kuma ya ragu amma bai tafi ba.

Mai_Nailon:

Ƙanena, wannan shi ne rabin da Malam ya kira kashewa, kuma a nan masu jitar nailon suka fi kowa tsari, domin su ba kasafai hannunsu ke sauka a kan jaki ba.

Amon da kake ji ba kunnenka ba ne. Ta 6 a sake tana kaɗawa sau 82.4 a daƙiƙa, ta 5 sau 110, ta 1 kuma sau 329.6. Ninka 82.4 sau huɗu, ka samu 329.6 daidai. Ninka 110 sau uku, ka samu 330. Ke nan duk lokacin da ka kaɗa ta 1, girgizar na bi ta jaki ta tayar da ta 6 da ta 5, su amsa mata. A wani wuri wannan daɗi yake ƙarawa, a wani wuri dauɗa ce. Maganinsa shi ne babban yatsa kada ya zauna a iska. Duk lokacin da ba shi da aiki, ajiye shi a kan ta 5 da bayansa jingine da ta 6, biyun sun yi shiru ke nan.

Wajen sauya bes kuwa, ya danganta da inda ka nufa. Idan daga ta 5 za ka hau ta 6, abin mai sauƙi ne: tura ta 6 ƙasa har yatsan ya sauka ya huta a kan ta 5. Bugu ɗaya ya yi aiki biyu, ya tayar da sabuwa ya kashe tsohuwa. Idan daga ta 6 za ka sauko ta 5, kamar E zuwa A ɗin da ka ambata, nan ne aikin yake. Hanya ɗaya ita ce ka zura yatsan ɗan zurfi tsakanin biyun kafin bugu, bayansa ya goge ta 6 a daidai lokacin da kansa ke kama ta 5. Hanya ta biyu, ka buga ta 5 sannan nan take yatsan ya koma ya dafa ta 6. Ta biyun ta fi daɗin ji a kiɗa mai sanyi, domin muryoyin biyu na haɗuwa na ɗan ƙiftawar ido, babu rami tsakaninsu. Daga E zuwa D kuwa tsirkiya biyu ke bayanka, to bayan ka buga ta 4 kwantar da yatsan a kan 5 da 6 tare. Da farcen roba dabarar bayan yatsa ta fi wuya, saboda roba na yin ƙara idan ta taɓa tsirkiya mai kaɗawa. A nan sai a koma ga gindin hannu, a sauke shi sau ɗaya a ɗaga.

Hannun hagu ma yana da rabonsa. Duk bes ɗin da aka danne a firet, sassauta yatsa kawai ba tare da ka ɗaga shi daga tsirkiyar ba, zai mutu. Idan ka fizge yatsan gaba ɗaya, tsirkiyar a sake za ta yi magana, ka gudu daga wata ka faɗa wata. A kod ɗin C, tura yatsan zobe ɗan sama har kansa ya taɓa cikin ta 6. A kod ɗin D, leƙo da babban yatsan hagu ta saman wuya ya dafa ta 6. Wannan na yiwuwa a jitar ƙarfe mai faɗin wuya milimita 43 zuwa 45, amma a ta nailon mai milimita 52 wahala ce kawai.

Ka kiyayi dafa tsirkiya da yatsa ɗaya a saman firet na 12 ko na 7 ko na 5. A waɗannan wurare ba ta mutuwa, wata siririyar murya ce kamar ƙararrawa ke tashi. In dole ne a nan, sa yatsu biyu.

Sannan ba kowane kiɗan yatsu ke son dusasarwa ba. Makaɗan Amurka Mississippi John Hurt da Elizabeth Cotten su ma babban bes mai kai-komo suke yi, amma a buɗe suke barin sa ya ja. Ali Farka Touré na Mali yakan bar bes guda yana ta gunji a ƙasa kari na yawo a kansa, kuma wannan gunjin shi ne gishirin abin. Wanda ya kwantar da hannu a irin wannan ya ɓata miya.

Dogo_Mai_Gyara:

Ni ciwon zan taɓa, domin ba a wasa da shi. Galibi ba daga hannu yake tasowa ba, daga zaman jitar ne.

Wuyan hannu na iya karyewa ta hanya biyu: gefe, wajen ƙaramin yatsa, ko kuma sama da ƙasa. Mai neman kai gindin hannu kan jaki yakan haɗa duka biyun. Gwada wannan. Saki hannun dama ya rataya a gefenka, ka dubi yadda bayan hannu da dantse suke a layi ɗaya. Ɗago shi a haka ka ɗora dantse a bakin jita, kamar yatsu huɗu ƙasa da gwiwar hannu. Duba inda gindin hannun ya faɗi. Idan ya wuce jaki ya nufi rami, matsar da jitar zuwa hagu ko ka ja gwiwar hannu baya. Idan bai kai ba, akasin haka. Jita ake matsarwa, ba a lanƙwasa hannu a je nemanta.

Irin jitarka faɗin ƙugunta kusan santimita 40 ne, kaurinta kusan 12. A kan cinyar dama, a kujera mai tsawo, tana ɗaga kafaɗa ta tura gwiwar hannu waje, hannu ya riƙa saukowa daga sama. Daga wannan kusurwa gindin hannu ba zai taɓa jaki ba sai an karya wuyan hannu. Sa maɗauri ko a zaune kake, ka ɗaga wuyan jitar sama kamar digiri 30, ka bar ƙugunta ya zame ƙasa ta gefen cinya. Kafaɗa za ta sauka, dantse ya shigo daga baya kusan a layin tsirkiyoyi. Kada kuma ka kwantar da fuskar jitar sama domin ka ga yatsunka, hakan na ƙara wa hannun hagu wahala. Mai ƙaramin jiki zai fi sakewa da jita mai ƙirar da ake kira OM ko 000, wadda ta fi siranta da kusan santimita 2.

Idan ƙaramin yatsa da rabin na zobe suka fara mutuwa ko kana jin kamar ana tsira musu allura, tsaya. Akwai jijiyar da ke ratsa daidai wannan tudun naman da kake ɗorawa, wata kuma ana iya matse ta a dantse inda ya hau kaifin bakin jita. Alama ce ta danna ta yi yawa. Ninka ƙyalle a bakin jitar, rage nauyi, yi minti 10 ka huta 2 kana girgiza hannu. Idan ya kwana biyu bai saki ba, a ga likita.

Ita ma jitar a duba ta. Auna daga saman firet na 12 zuwa cikin ta 6, milimita 2 zuwa 2.5 ya dace da kiɗan yatsu. Idan an taɓa goge ƙashin jaki har ya kusa nutsewa, kawunan turaku sun fi tsirkiya tsawo, hannu zai zauna a kansu bai taɓa komai ba, sai ka yi ta dannawa. A canza ƙashin, ko a nemi turaku masu gajeren kai. A lokacin hunturu katako na bushewa, fuskar jita ta ɗan lotsa, tsirkiya ta sauko ta fara zizar firet, kuma farcen roba na fito da wannan ƙarar sosai. Ajiye ta a akwatinta da ɗan soso mai danshi a cikin robar da aka huda, kada ruwan ya taɓa katako. Gumin tafin hannu kuma na cin tsirkiya a daidai bakin jaki kafin ko'ina, sai a riƙa gogewa da busasshen ƙyalle bayan kowane zama.

Malam_Tsirkiya:

Ƙari kaɗan ɗan'uwa. Wurin da ka gano ba na dindindin ba ne. Idan ka sa kafo, wato abin da ake maƙalawa a wuyan jita ya danne dukkan tsirkiyoyi, a firet na 4 ko na 5, tsirkiya ta gajarta, dusasarwa ɗaya za ta fi shaƙe ta, sai ka ja hannu baya da milimita 2 ko 3. Idan ka sassauta ta 6 zuwa D, ta yi laushi, rage ƙarfin bugu ko ta mari firet. A jitar lantarki mai jaki mai lilo kuwa, ɗan nauyi kaɗan na ɗaga muryar dukkan tsirkiyoyi shida lokaci guda.

Kuma abin da kunnenka ke ji a bayan jita ba shi na gaba ke ji ba. A wajenka bes ya fi kauri, domin katakon na jingine da ƙirjinka. Ajiye waya kamar mita 2 a gabanka ka ɗauki minti ɗaya na 6, 4, 5, 4 tare da kari. Idan a ɗaukar ba ka iya bambanta ta 6 da ta 5 ba, ka shaƙe su da yawa, koma baya wajen ƙashin.